Audacity, LMMS ko Ardour, da lasisin da za ka ɗora wa waƙarka

Mai haɗa kiɗa da ke son ya rabu da manhajojin da aka fasa wa makulli ya koma ga buɗaɗɗu yana da shawara biyu a gabansa, kuma yawancin ruɗanin da ake samu daga cakuɗa su yake tasowa. Ta farko, da wace manhaja zai yi aiki. Ta biyu, a kan wane sharaɗi zai saki abin da ya haɗa. Hanyar jirgi daban, ta mota daban. Lasisin GPL da ke kan Audacity da LMMS da Ardour ya shafi manhajar ce kawai: ya ba kowa izinin amfani da ita, da duba rubutun da aka gina ta da shi, da gyara ta, da raba ta ga wasu. Bai bi ka cikin waƙarka ba. Abin da ka naɗa da Ardour naka ne kamar yadda wasiƙa take ta wanda ya rubuta, ba ta wanda ya ƙera alƙalamin ba. Kana iya sayar da ita, kana iya rufe ta, babu wanda zai ce maka don me.

Haka kuma buɗaɗɗiya ba ita ce kyauta ba. GarageBand kyauta take zuwa a kwamfutocin Apple, amma a rufe take, ranar da kamfanin ya sauya ra'ayi ba ka da ta cewa. Ardour kuwa a buɗe take, amma masu ita suna karɓar ɗan abin da ka ga dama kafin su ba ka wadda aka riga aka harhaɗa.

Tambayar da za ta raba maka gardama wajen zaɓen manhaja ɗaya ce: daga ina sautinka yake fitowa? Daga makirufo, ko daga cikin kwamfuta?

Audacity ita ce wadda kowa ya fi sani. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara ta a 1999 a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, tun 2021 kuma tana hannun kamfanin Muse Group. Wuƙa ce mai kaifi: yanke, haɗe, share shuru, rage ƙarar fanka da ta shiga naɗi, sauya fayil daga wannan siga zuwa waccan. A wannan fagen babu mai kama ƙafarta wajen sauƙi. Sai dai asalin ginin ta na gyara kai tsaye ne a jikin sautin. In ka sa wa murya amsa-kuwwa ta tsohuwar hanya, ka adana, ka rufe, shi ke nan ta zauna, gobe ba za ka iya rage ta ba. Daga fitowa ta 3.2 a 2022 an ƙara damar ɗora filogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙarawa don sarrafa sauti, yana aiki ana saurare ba tare da ya taɓa asalin sautin ba, kuma wannan ci gaba ne na gaske, amma bai mai da ita ɗakin miksin, inda ake daidaita sautukan waƙa a haɗe su, ba. Ba a rubuta kiɗan MIDI, wato umarnin amo da kwamfuta ke bi ta buga, a cikinta yadda mai haɗa kiɗa yake buƙata.

Abubuwa biyu ke yawan cizon masu amfani da ita. Na farko rage ƙara. Kana zaɓen daƙiƙa biyu ko uku inda ba a magana sai ƙarar ɗaki, manhajar ta koyi siffarta, sannan ka shafa wa naɗin duka. Fara da desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), kada ka wuce 12. Wanda ya tura ta sama da haka zai ji muryar ta koma kamar ana magana a cikin ruwa, domin wani sashe na muryar yana zaune a daidai inda ƙarar take, sai a kwashe su tare. Na biyu, tun fitowa ta 3.0 aikin gaba ɗaya yana cikin fayil guda mai suna aup3. Kada ka kwafe shi ko ka zare filas alhali manhajar tana buɗe, kuma kada ka yi aiki a kan filas mai tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. In fayil ɗin nan ya lalace, komai ya tafi tare.

LMMS akasin Audacity ce. An gina ta ne don wanda kiɗansa daga cikin kwamfuta yake fitowa: ka jera bugun ganga a kan akwatuna, ka zana amo a allon fiyano, ka tara su su zama waƙa. Wanda ya saba da FL Studio zai gane ta cikin yini guda. Tana zuwa da kayan kiɗanta, ciki har da ZynAddSubFX da TripleOscillator, tana kuma karanta fayilolin sauti na SF2, kuma ba ta da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta. Amma ka san da wannan tun kafin ka zuba mata wata uku: a fitowa ta 1.2.2 ta 2020 ba a naɗar murya a cikinta. Dole ka naɗa a wani wuri ka shigo da ita, in mawaƙi ya yi kuskure a baiti na biyu sai ka sake fita ka dawo. A cikin filogin masu tsarin VST, na VST2 kawai take ɗauka a wannan fitowar, ba ta san VST3 ba, alhali sababbin filogin da yawa a VST3 suke fitowa. Sannan fayil ɗin aikinta ba ya haɗiye samfuran sauti, wato guntayen naɗin da ka shigo da su, adireshinsu kawai yake riƙewa. Ka kai aikin wata kwamfuta ba tare da samfuran ba, ko ka sauya sunan jakar da suke ciki, sai ka buɗe ka tarar da layukan ganga sun yi tsit. Maganinsa shi ne ka tara duk samfuran waƙa a jaka ɗaya tare da fayil ɗin aikin tun ranar farko.

Ardour, wadda Paul Davis ya kafa, ita ce cikakken sitidiyo a cikin ukun, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Tana aiki a Linux da macOS da Windows. Duk abin da ka yi a cikinta ba ya taɓa asalin naɗin: ka yanka, ka matsar, ka ɗora filogin goma, fayil ɗin da makirufo ya rubuta yana nan yadda yake. Kana iya naɗar layuka da yawa, kowace murya ko abin kiɗa da layinsa, lokaci guda gwargwadon ƙofofin katin sautinka, ka sake ɗaukar baiti sau biyar ka tsinto mafi kyau daga kowanne, ka tura muryoyin amshi duka zuwa mahaɗa ɗaya ka matse su tare, ka zana yadda ƙarfin sauti zai riƙa hawa da sauka shi kaɗai. Tana rubuta MIDI, tana ɗaukar filogin na LV2 da VST2 da VST3, da AU a macOS. Daga fitowa ta 7 a 2022 an ƙara shafin kunna guntayen kiɗa masu maimaituwa, irin salon da Ableton Live ta shahara da shi. Wajen fitar da waƙa kuma tana auna ƙarfin sautin da ma'aunin LUFS ta daidaita maka shi, abin da a wasu wurare sai ka nemi filogin daban.

Kuɗin da take karɓa a hannunka lokaci ne. Makon farko yana da wuya, musamman fahimtar yadda sauti ke bi daga ƙofar kati zuwa layi zuwa mahaɗa zuwa lasifika. Mafi yawan masu cewa "ba na jin komai" ba su haɗa ƙofar shiga da layin ba ne, ko ba su kunna sauraron layin ba. Rubuta ganga da amo a cikinta ma bai kai LMMS saurin hannu ba. Game da samunta: wadda ake saukewa don gwaji daga shafinta tana yin shiru bayan minti goma, cikakkiyar sai ka biya, yawancin nau'o'in Linux kuma suna da ita a rumbunsu ba tare da biyan komai ba. A ganinmu wanda yake cin abinci da ita ya kamata ya biya, domin da wannan kuɗin masu gina ta suke zama a kan aikin.

To wace za ka ɗauka? In akwai murya ko jita ko wani abin kiɗa da makirufo zai ɗauka, Ardour ce cibiya, sauran mataimaka. In kiɗa zalla kake haɗawa kana tura wa mawaƙa, LMMS ta ishe ka farawa. In aikinka tsaftace naɗi ne da yanke-yanke, kada ka wahalar da kanka, tsaya a Audacity. Masu yin duka biyu sukan haɗa kiɗa a LMMS, su fitar da kowane layi daban a matsayin WAV, su shigo da su Ardour, su sa saurin bugun daidai da wanda suka yi amfani da shi, sannan su naɗi murya su yi miksin a can. Wanda yake rubuta kiɗa da alamomi don makaɗa su karanta yana da MuseScore, mai son injin ganga kaɗai yana da Hydrogen.

Batun filogin bai kai yadda ake tsoro ba. Ardour tana zuwa da nata na jerin ACE, masu ɗauke da ikwalaiza da kwamfuresa da amsa-kuwwa, kuma sun isa a gama waƙa da su. Bayan su akwai tarin LSP, da na x42, da Dragonfly Reverb, da na Airwindows. A ɓangaren sintesaiza, wato manhajar ƙirƙirar amon kiɗa, Surge XT, wadda aka buɗe asalinta mai suna Surge a 2018 bayan an daɗe ana sayar da ita, ba ta jin kunyar tsayawa kusa da kowace ta kuɗi. Dexed tana kwaikwayon Yamaha DX7. Inda gibin yake da gaske wuri biyu ne. Gyaran amon murya: akwai na x42, yana aiki in gyaran kaɗan ne, amma bai kai manyan na kasuwa sassauci ba wajen kama kowane amo a gyara shi da hannu. Sai manyan taskokin sautin kayan kiɗa na gaske, waɗanda yawancinsu aka yi su don manhajar Kontakt, ita kuma ba ta da fitowar Linux. Ana iya tafiyar da filogin na Windows a Linux ta hanyar yabridge da Wine, sai dai sabuntawa ɗaya tana iya karya abin da yake aiki jiya. Wanda sana'arsa ta dogara da irin waɗannan kayan gara ya zauna a Windows ko macOS ya sa Ardour a kai. Babu dokar da ta ce sai ka sauya komai rana ɗaya.

Jinkirin sauti shi ne abin da ke sa mutane su yanke hukunci cewa manhajar ba ta da kyau, alhali saiti ne. Kwamfuta tana tara sauti a ɗan ma'aji da ake kira bafa kafin ta sarrafa shi. In ana ɗaukar ɗigon sauti 48000 a daƙiƙa, bafa mai 128 tana ɗaukar milisakan 2.7, mai 256 tana ɗaukar 5.3, mai 1024 kuwa 21.3. Sauti yana shiga ya fito, don haka ka ninka aƙalla sau biyu. A 1024 mawaƙi zai ji muryarsa tana dawo masa a makare da sama da milisakan 40, kuma zai riƙa faɗuwa daga kan bugu ba tare da ya san dalili ba. Naɗa a 128 ko 256, in za ka yi miksin ka ɗaga zuwa 1024 don kwamfutar ta samu numfashi. In kana jin ƙas-ƙas a sautin, bafar ta yi wa kwamfutar ƙanƙanta, ɗaga ta mataki ɗaya. Yawancin katunan sauti suna da maɓallin da ke tura makirufo kai tsaye zuwa kunne ba tare da ya bi ta kwamfuta ba, kunna shi ya kashe matsalar gaba ɗaya. A Windows ka yi amfani da direban ASIO na katinka. A Linux, kafin ka sayi kati ka tabbata yana cikin masu bin ƙa'idar USB ta gama-gari, waɗanda ba sa buƙatar direba na musamman.

Ka zaɓi 44100 ko 48000 tun lokacin buɗe aikin, ka tsaya a kai. Sautin da aka naɗa a 44100 in aka kunna shi a matsayin 48000 yana ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, amonsa kuma ya hau. Naɗa da bit 24 ko sama, ka bar ƙololuwar murya a wajen desibel 12 ƙasa da sifili. Tanadi wuri ma: layi ɗaya a bit 32, wanda Ardour ke amfani da shi in ba ka sauya ba, yana cin kusan megabait 11.5 a minti a kan 48000, wato layuka 20 na waƙar minti 4 sun kusa gigabait guda tun kafin a ƙirga maimaici.

Yanzu shawara ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi, domin manhaja kana iya sauya ta gobe, lasisi kuwa zarar bunu ne.

Kowace waƙa tana ɗauke da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara kalmomi da karin, da na naɗin kansa. Ba za ka iya buɗe abin da ba naka ba. In ka rera waƙar wani, naɗin naka ne amma tsarin nasa ne. In ku uku kuka yi aikin, sai ukun sun amince, kuma a rubuce.

Ƙungiyar Creative Commons ta fitar da lasisinta na farko a 2002, fitowa ta 4.0 kuma a 2013, ita ce ya kamata ka yi amfani da ita. Sharuɗɗa huɗu ne ake haɗawa su ba da lasisi shida. BY: a ambaci sunanka. SA: duk wanda ya gina wani abu a kan naka ya sake shi da irin wannan lasisin. NC: ban da kasuwanci. ND: a raba yadda yake, kada a fitar da wanda aka sauya. A gefe kuma akwai CC0, inda ka sallama haƙƙinka iyakar abin da doka ta yarda, ko ambato ba ka nema. Dukkansu ba a janye su. Kana iya sauke waƙar daga shafinka, amma wanda ya riga ya karɓa a kan wannan sharaɗin yana da izininsa har abada, yana kuma iya ci gaba da rabawa.

BY shi ne na mai son waƙarsa ta yi tafiya. Masu bidiyo da masu wasannin kwamfuta da masu shirye-shiryen sauti suna ɗaukarsa ba fargaba. Amma ka fahimci abin da ka bayar: kamfani yana iya sa waƙarka a tallarsa, ya rubuta sunanka, bai ba ka ko sisi ba, kuma bai karya doka ba. BY-SA yana rufe wannan ƙofar ta wata hanya mai hikima. Lasisin 4.0 ya faɗa ƙarara cewa ɗora kiɗa a kan hoto mai motsi gini ne a kansa, don haka wanda ya sa waƙarka mai SA a bidiyonsa dole ya saki bidiyon da BY-SA. Yawancin kamfanoni ba za su yarda da haka ba, sai su zo su nemi izini na daban, a nan ne kake yin ciniki. Wannan ƙa'idar ce kuma ta sa ND ya fi yadda ake zato tsauri: waƙa mai ND ba a rimiks ɗinta, ba a tsinko samfur daga cikinta, kuma ba a sa ta a bidiyo. Da yawa suna zaɓensa don kada a ɓata musu waƙa, sai su tarar sun hana ainihin mutanen da suke fatan su yaɗa ta.

NC shi ne wanda hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, kuma yana da amfaninsa: sharaɗin bai ɗaure kai mai waƙar ba, kana iya sayar da ita, kana iya ba wani izinin kasuwanci a kan kuɗi. Matsalarsa iyakar kasuwanci ba ta fito fili ba. Bidiyon da talla ke bi ta kansa fa? Taron da ake biyan kuɗin shiga don a biya hayar zaure? Masu taka-tsantsan sukan guje wa NC gaba ɗaya don kada su shiga rigima. Wanda rayuwarsa ta dogara da sayar da izinin amfani da kiɗansa, BY-NC ko BY-NC-SA ya dace da shi. Wanda kuɗinsa daga wasa a dandali ko aikin da ake ba shi yake zuwa, BY ko BY-SA ya fi yi masa aiki. CC0 kuwa mun fi ganin dacewarsa ga samfura, bugun ganga ɗaya ko ƙarar ƙofa, inda neman ambato kan kowane guntu zai zama kaya.

Kafin ka sa hannu a kan ko ɗaya, duba abubuwa biyu. In kai mamba ne na ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin kunna waƙoƙinsu, karanta yarjejeniyarka, domin da yawansu suna karɓar ikon kula da haƙƙin su kaɗai, wasu kuma NC kawai suke bari. Sannan tsarin Content ID na YouTube, mai gano waƙoƙin da aka yi wa rajista a cikin bidiyoyi, yana buƙatar haƙƙin da ba ka raba da kowa ba, waƙar da ka saki da Creative Commons ba ta cancanci shiga ba. In mai rarraba waƙoƙinka ya shigar da ita, tsarin zai riƙa kama mutanen da kai da kanka ka ba izini. Akasin haka ma yana faruwa: wani ya rera a kan kiɗanka, ya yi rajistar tasa, sai tsarin ya kama ka a kan abinka. Fayilolin aikinka na asali da ranar da ka fara wallafawa, misali a Internet Archive, su ne hujjarka.

Abin da ya shigo cikin waƙar shi ke iyakance yadda za ta fita. Freesound, wanda jami'ar Pompeu Fabra ta Basalona ta kafa a 2005, yana da sautuka masu CC0 da BY da BY-NC a cakuɗe, kowane fayil da nasa. Guntun tafi ɗaya mai NC ya isa ya hana ka sayar da waƙar. Samfur mai BY-SA yana jan waƙar duka zuwa BY-SA. Mai SA da mai NC kuwa ba sa zama a waƙa ɗaya, domin ɗaya ya ce dole a bar ƙofar kasuwanci a buɗe, ɗayan ya ce a rufe. Samfuran da ake sayarwa da alƙawarin ba za a nemi kaso daga ribarka ba su ma ba buɗaɗɗu ba ne: yawanci an yarda ka sa su cikin waƙa, ba a yarda ka raba su tsirara ba, don haka ba za ka iya sakin layin da suke ciki shi kaɗai don a yi rimiks ba. In kana son kwanciyar hankali, tace bincikenka ya nuna CC0 kawai. Taskar kayan kiɗan VSCO 2 Community Edition, alal misali, da CC0 aka sake ta.

A cikin jakar kowace waƙa ka ajiye ƙaramin fayil na rubutu. Duk sautin da ka sauke, a take ka rubuta abu huɗu: sunansa, mai shi, adireshin inda ka samo, da lasisinsa har da lambar fitowa. Waɗannan huɗun su ne ambaton da BY yake nema, sai ka ƙara cewa ka sauya shi in ka sauya. Wanda ya manta ambato ya karya lasisin, amma 4.0 ya ba shi kwana 30 daga ranar da ya gano ya gyara, izininsa ya dawo. In za ka saki taka, rubuta cikakken sunan lasisin da adireshinsa a shafin waƙar da kuma cikin bayanan fayil ɗin, domin fayil yana tafiya ya bar shafi a baya. Bandcamp da SoundCloud suna ba ka zaɓen lasisi wajen ɗorawa, YouTube kuwa BY kaɗai yake da shi. In kuma kana son a yi rimiks da gaske, kada ka tsaya ga MP3: fitar da kowane layi daban a FLAC, wanda ke rage girma da kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba, dukkansu su fara daga daƙiƙa sifili ko da layin bai shigo ba sai tsakiyar waƙa, ka rubuta saurin bugu da maɓallin amo a sunan jakar.